Daren Ƙarfe Huɗu na Tanti Haisa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Litinin, 10 ga Nuwamba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Haisa Tinni a gidanta da ke bakin kogi a Tilaberi, tana da shekara sittin da takwas. Ita ce ta riƙe ɗakin karatun garinmu shekara talatin da biyu, kuma babu yaron da ya taɓa kiranta da wani suna in ba Tanti ba. Ina tsaye gaban allo ina rubuta wa ɗalibaina darasi aka kawo mini saƙon. Na ƙarasa layin da na fara, har yau ban san dalili ba, sannan na ajiye allin na fita.

Tanti, kwana biyar kafin ki tafi kin yi mini tambaya guda, na kauce da wasa ban ba ki amsa ba. Ni ce Mintu, kin san halina, bakina ya fi saurin raha a wurin da ya kamata ya yi nauyi. Wannan rubutu shi ne amsar da na hana ki. Sai dai zan faro daga nesa, yadda kika saba faro mana labari.

Ina shekara bakwai kika dawo daga Yamai aka ba ki tsohon ɗakin ajiyar shinkafa aka ce ki mayar da shi ɗakin karatu. Tagogi huɗu gare shi, biyu suna kallon titi, biyu suna kallon kogi. Har yanzu idan damina ta yi nisa bangonsa yakan tashi da ƙamshin ƙaiƙayi, shi ya sa duk littafin da na buɗe a duniya sai in ji kamar shinkafa ake sussuka a kusa. Kin ajiye bokiti da sabulu a bakin ƙofa. Kowane yaro sai ya miƙo miki tafin hannu kin shinshina, in kika ji man fanke ki ce, "Koma ka wanke, littafina ba ya jin yunwa." Littafin da ya yage kuwa da ƙaro kike liƙe shi, ki ɗora masa dutse ya kwana, da safe ki ce mana majinyacin ya samu sauƙi. Ranar da akuyar gidan su Hamani ta cinye rabin littafin da ya ara, ya zo ya faɗa miki, ba ki yi masa faɗa ba. Cewa kika yi ya je ya tambayo akuyar yadda labarin ya ƙare, tunda ita kaɗai ta kai ƙarshensa.

Ranar Laraba da yamma babu makaranta, sai kika mayar da ita ranarmu. Da ƙarfe huɗu mu zauna a tabarma, ki buɗe littafin Faransanci ki riƙa juya mana shi da Zabarmanci, kina nuna hotuna. In kika ga mun fara mutsu-mutsu sai ki rufe littafin ki ɗora shi a cinya, ki shiga tatsuniyar da babu ita a takarda. A nan ne rigimar ta taso. Tsofaffin garinmu ba su damu da karatun littafi ba, amma tatsuniya da rana tsaka abu ne da ba a yi. Kowa ya tashi da sanin cewa yaron da ya saurari tatsuniya rana na sama, mahaifiyarsa ce za ta ɓata a hanya. Kakata Dommo ta faɗa mini haka tana nuna ni da muciya. Ke kuwa dariya kika yi da maganar ta iso miki, kika ce dabara ce ta hana yara zaman banza lokacin aiki, kuma ɗakin karatu ba ya buɗewa da dare, to yaushe za a yi?

Na ci gaba da zuwa a ɓoye. Ina cewa zan kai wa ƙawata saƙo, sai in bi ta bayan masallaci in faɗa ɗakinki.

Wata Laraba a farkon daminar 1994, innata Gambi ta ɗauki tabarmin da ta saƙa ta shiga kwale-kwale zuwa kasuwar ƙetare. Mahaifina yana ci-rani a Kumasi. Da yammar kina ba mu labarin wata dorina da ta haɗiye wata, cikinta ya riƙa haske a ƙarƙashin ruwa har kifaye suka kasa barci. Ina jin daɗinsa ƙwarai. Ba ki kai ƙarshe ba hadari ya taso daga gabas, iska ta riƙa buga tagogi, kika sallame mu kowa ya ruga gida. Kwale-kwalen su innata bai iso ba. Kwana biyu ana nemanta, ba a san inda take ba, kafin masunta su samu gawarta a ƙasan tsibiri.

Babu wanda ya ce mini komai, don a gida babu wanda ya san inda nake a yammar. Ni na sani. Na daina cin abinci sai an tsare ni, na daina magana, aka ce maraici ne. Sauran iyaye kuwa suka janye 'ya'yansu shiru, ba tare da sun gaya miki dalili ba. Larabobi shida kina shimfiɗa tabarma kina naɗe ta babu wanda ya zauna a kai.

Bayan sadakar arba'in kika zo gidanmu. Kin gaisa da kakata, kika zagayo kika same ni a bayan rumbu, kika zauna a ƙasa da zanenki mai kyau. Kika shiga tsinke ganyen zogalen da kika tarar a faifai kamar aikin da ya kawo ki ke nan. Ni ce na fara magana, maganata ta farko a cikin makonni.

"Tanti, ni na sa ta ɓata."

Ba ki ce mini camfi ba ne, ba ki ce in daina shirme ba. Kika tambaye ni, "Ranar nan wa ya ba da labarin, ni ko ke?"

Na ce, "Ke."

"To ke me kika kawo?"

Kika amsa da kanki.

"Kunne kawai kika kawo, 'yata. Kunne ba ya da ƙofa, balle a ce ya ƙi rufewa. In akwai laifi, na mai baki ne. Ba ni shi nan, ki tashi ki ci tuwo."

Kika buɗe tafin hannunki, na ɗora nawa a kai, kika dunƙule kamar kin karɓi wani abu, kika ƙulle shi a bakin zanenki. A daren na ci abinci har na nemi ƙari. Yarinya ce ni, na ɗauka abin da aka karɓe daga hannunka ya tafi ke nan. Ban tambayi inda za ki kai shi ba.

A makon kika bi gida-gida kina roƙon mata tsofaffin zannuwan rini, baƙaƙen nan masu shuni da suka gaji da ɗauri. Kika ce musu kin ji maganarsu, ba za ki ƙara yin tatsuniya da rana ba. Kakata ta dube ki sama da ƙasa ta ce, "To 'yar boko, za ki kashe rana ne?" Kika ce, "A'a Inna, sallamarta zan yi ta jira a waje." Kakata ta yi tsaki, ta shiga ɗaki, ta fito da zanen innata ta miƙa miki.

Haka daren ƙarfe huɗu ya samo asali. Mu taru, a wanke hannu, a rataya zannuwa a tagogin huɗu, a rufe ƙofa, ki kunna fitilar ƙwai ki ajiye a tsakiyar tabarma. Sai ki tambaya da murya ƙasa-ƙasa, "Dare ya yi?" Mu ce ya yi. A waje jakuna na kuka, mata na daka, amma mu muna wani gari dabam. Zannuwan sun tsufa, suna da ƙananan huji, rana na ratsowa ta cikinsu ɗigo-ɗigo, muka ce taurarinmu ne, har muka raɗa musu sunaye. Zanen innata a tagar yamma kike rataya shi, mai kallon kogi. Idan iska ta taɓa shi hasken ruwa yakan yi rawa a rufin ɗakin, ni kuma in kwanta rigingine ina kallo, muryarki na zuwa mini kamar daga ƙetare. Sau da yawa ban san inda labarin ya tsaya mafarki ya karɓa ba. In kin gama sai ki hure fitilar, ki yaye zanen yamma da hannu ɗaya, ki ce, "Gari ya waye, kowa ya nemi takalminsa."

Tsofaffin suka turo wakiliya ta leƙa, ta koma ta ce lallai duhu ne a ciki, babu abin cewa. Yara suka dawo, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Daga baya kakata da kanta ta riƙa zuwa, wai ta zo ɗaukata, sai ta zauna a bakin ƙofa tana gyara miki labari in kin yi kuskure.

Da muka girma kika haɗa mu ƙungiyar masu karatu ta ranar Asabar. Littafi ɗaya ne ke zagaya mu goma sha biyu, kowa kwana biyu, in an taru a yi ta musu kan wanda ya kyauta da wanda ya ci amana a cikinsa. Ba ki taɓa raba mana gardama ba. Wanda ya ce littafin bai yi masa daɗi ba, ki ce madalla, faɗa mana a wane shafi ya ɓata maka rai. Daga wannan tabarma aka samu ungozoma, da direban babbar mota mai ajiye littafi a ƙarƙashin kujera, da malaman makaranta irina. Hamani mai akuya shi ke gyaran injinan ban-ruwa yanzu, kuma 'ya'yansa uku duk sun miƙa miki hannuwansu kin shinshina. Da idonki ya raunana ni nake karanta shafin, ke ki karɓa ki ƙarasa da ka. Aka kawo lantarki, aka kawo fanka, wani baƙo ya ba da shawarar labule na zamani, kika ce a bar miki zannuwanki.

Shekara talatin da ɗaya ina ganin wannan duka dabara ce ta mace mai wayo da ta san yadda ake zama da tsofaffi. Na sha ba da labarinki a taron malamai ana dariya ana yabon hikimarki.

Larabar ƙarshe ba ki iya fitowa ba, sai na je gidanki bayan an tashi. Na same ki kwance, kin rame, kofin kunu na gefe ya huce. Kika ce in matso. Kika kama bakin zanenki kina murzawa, kika ce, "Mintu, abin nan da kika ba ni a bayan rumbu, yana nan."

Ban gane ba da farko.

"Na san ajali ne. Na san babu tatsuniyar da ke kifar da jirgi, na yi karatun boko na yi na allo. Kaina ya sani sarai. Ƙirjina ne bai je makaranta ba. An gaya mini kada in yi, na yi dariya, yarinya ta rasa uwa. Duk zanen da kika ga na rataya, don kaina na rataya shi." Kika numfasa. "Kin yafe mini?"

Tanti, tsoro ne ya kama ni. Ban taɓa ganinki kina neman wani abu a hannun kowa ba sai zannuwa. Na yi dariya na ce, "Haba Tanti, zazzaɓi ne ke sa ki surutu, tashi ki sha kununki." Kika yi murmushi kika sha cokali biyu don ki faranta mini. Na fita da niyyar in dawo Laraba mai zuwa da amsa mai kyau, wadda na tsara. Ba ki kai Larabar ba, kuma wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Kwana biyu bayan an kai ki, da ƙarfe huɗu, yara suka zo. Babu wanda ya kira su. Suka wanke hannu, suka tsaya da tafukansu a buɗe, babu mai shinshinawa. Muka rataya zannuwa, na kunna fitilar, na tambaya ko dare ya yi, suka ce ya yi. Na ba su labarin dorinar da ta haɗiye wata, wanda ba ki ƙara bayarwa ba tun ranar hadarin, na ƙirƙiro masa ƙarshe: ta yi hamma da asuba, watan ya fito ya koma wurinsa, kifaye suka samu barci. Da na gama na kasa tashi. Muka zauna a duhun muna kallon taurarin zane, har wata ƙaramar yarinya mai suna Zali ta taɓa gwiwata ta ce, "Malama, yau wa zai ce gari ya waye?" Na tashi na yaye zanen innata. Kogi ya cika, rana na kwance a kansa, hasken ya shigo har bangon ƙarshe. Na faɗi kalmominki, kowa ya nemi takalminsa.

Ga amsarki, Tanti, a gaban duk wanda zai karanta. Ba ki yi mini laifi ba, ba ki yi wa innata ba. Kwananta ne ya ƙare a ranar, ko da kin yi shiru. Amma tunda kin tambaya, na yafe miki duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini, na ɗora miki kaya ina shekara takwas, ban taɓa waiwayowa na ga ko kin sauke ba. Kwance bakin zanen nan, ki bar shi a nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Burema Saini, da 'ya'yanki Furera da Sumana, da jikokinki, da dukan yaran Laraba, na jiya da na yau. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki Ya cika shi da haske, Ya haɗa ki da innata Gambi a inuwar rahamarSa. Kin daɗe kina rufe taga saboda mu. Allah Ya buɗe miki taga zuwa Aljanna, Ya sa gari ya waye miki lafiya. Amin.