Kwafi Uku na Baba

Kwamfuta ɗaya ce a ofishinmu na Tudun Wada, tsohuwa, aka damƙa ta hannun Baba, dattijon da ya shekara ashirin yana buga tafireta. Ni ce kaɗai na yi ɗan kwas ɗin kwamfuta a Kano, amma wa zai tambayi mace?

Sai ta fara daskarewa. Ana tsaka da buga wasiƙa ta ce wai ƙwaƙwalwarta ta yi kaɗan. Maigidanmu na ofis ya ce ta Baba ce ta yi kaɗan, kuma in wasiƙar makiyayan Falgore kan burtali ba ta fita ranar Litinin ba, ritaya ta kira shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum da 'ya'ya takwas!

Na jira kowa ya fita sallar azahar, na ce, "Baba, ko in duba?"

"Duba, 'yata. Ni dai ban taɓa mata komai ba."

Ina buɗewa na rafka salati. Kowace wasiƙa sau uku ya adana ta, shekara da shekaru: ta aikawa, ta fayil, da ta ko-ta-kwana, kamar yadda ya saba da takardar kabon.

Na ce masa abin da take aiki a kai kamar faifai ne, ma'ajiyarta kuwa rumbu. In faifai ya cika, sai ta ari gefen rumbu ta ɗan zuba. To rumbun ya cika maƙil, ina za ta zuba?

"Yanzu sai a yi yaya?"

"Sai mun share biyu, mu bar ɗaya."

A iliminsa, ma'aikacin kirki ba ya yar da takardar ofis. Na miƙa hannu, ya ce a'a, shi ya tara, shi zai share. Ya yi bisimilla, da yatsa ɗaya, har la'asar. Tausayinsa ya hana ni kallo.

Wasiƙar ta fita tun ranar Juma'a. Maigida ya sa hannu, ko sannu babu, Baba ya tsira da aikinsa.

Muna tashi ya rufe kwamfutar da tsumma, ya ce, "Wanne muka fara sharewa ma?"

Na ce tsofaffin.

"Haka ne," in ji shi. "In wuri ya yi kaɗan, da su ake farawa."