Zoben Tankari

Kowa a unguwar Sanyuanli ta ƙasar Sin ya san Tankari, dogon Buzun nan na Maraɗi mai gemu kamar tsintsiya. Shekararsa sha ɗaya yana ɗaure wa mutane kaya a sito. Ka sayo riguna a kasuwar Shisanhang, ka jibge masa, ka hau jirgi abinka. Ko safa ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Shi ya sa Hajiya Saffana, 'yar kasuwar Kwari, ta bar masa makullin sitonta.

To bana ta sauka ta tarar da zance. Wai duk Talata yana ɓacewa. Wai wata baƙar mota ke ɗaukarsa. Maƙwabcin ɗakinsa ya rantse ya ji shi ta bango yana wata rantsuwa da yaren da ba Sinanci ba. Ita kuma da idonta ta ga zobe a hannunsa, mai hoton takobi da ido guda. Dila arba'in fa a sitonta!

Ta tare shi a bakin sito.

"Malam Tankari, ƙungiyar asiri ka shiga ko me?"

"Subhanallahi, Hajiya! Fim ne fa."

Ya ciro waya yana gumi. Ashe wani laoban, wato uban gida, mai shirya fim ɗin waya ne ya ga gemun ya maƙale masa. Ga Tankari cikin hular ƙarfe, wai shi kwamandan Sifaniya ne na zamanin da, mai cin garuruwa. A fim ɗin ƙungiyoyin asiri biyu ke rikici kan wani akwati, shi kuma ɓangare ɗaya suka ba shi ajiyarsa. Ya dafa ƙirji, ga zoben nan a hannunsa, ya rantse musu, har da hawaye. Suna juya baya ya miƙa wa abokan gabarsu.

Hajiya ta mayar da wajen baya, ta sake kallo. Sau uku.

"Hawayen nan, albasa suka sa maka?"

"A'a, da kaina na yi," in ji shi, har da ɗan murmushin jin daɗi. "Sau ɗaya aka ɗauka."

"Sau ɗaya," in ji ta.

Fuskar nan ce dai yake yi mata duk shekara in zai ce Hajiya ki tafi hankali kwance. Ta ƙirga dilolinta, arba'in cif. Ta sake ƙirgawa. Sannan ta miƙa hannu.

"Ba ni makullina."