Kwamfutar da Na Haɗa Cikin Kalangun Gado

Wallahi na gaji da ba da labarin nan, don duk wanda na faɗa wa sai ya ce zafin Tamale ne ya taɓa min kai. To ku ma ku ji, in kun ga dama ku yarda.

Shekarun baya ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a unguwar Moshi Zongo, kuma abin da aka san ni da shi shi ne cire kayan cikin kwamfuta in zuba su a inda hankali bai kai ba. Na sa a tsohuwar rediyo, na sa a tankin babur, har a tukunyar waake, wato shinkafa da wake, na taɓa sawa, murfin ne wurin fanka. Yabo ya shige min kai, na zama duk abin da aka kawo sai in huda, ba tambaya.

Wata Talata da hantsi wani Badagombe mai suna Fuseini ya zo daga Vittin, ɗan gayu, ma'aikacin ofis, ya sauke buhu daga babur ya zaro tsohon kalangu, wanda su ke kira lunga. Na kakansa ne na wajen uwa. Ashe a al'adarsu 'yar makaɗi dole ta ba da ɗa guda ya gaji kiɗan, in an ƙi, sun ce abin ba ya barin mutum lafiya. To shi abin ya faɗo wa, ga shi bai taɓa riƙe sandar kiɗa ba, kuma ba ya son barin aikinsa ya bi gidajen suna.

Ya ce, "Masta, sun ce dole ya yi aiki a hannuna. To ka sa min inji ciki, kullum zan yi aiki da shi, ai magana ya ƙare."

Ni kuwa, Allah ya yafe min, har tafa masa na yi, na ce dabara ta yi.

Kwana uku ina fama. Na kwance fatar gefe guda, na zaunar da ƙaramin allon kwamfuta a ciki, na bi da wayoyi ta ƙugun icen, na huda ramuka huɗu don iska, na mayar da fata da igiyoyinta yadda na same su. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kunna, ta tashi lafiya lau. Sai dai fankar ba ta yi ƙarar da na sani ba, wani gunji take yi yana hawa yana sauka. Na canza fanka, haka. Na sake canzawa, haka dai.

Ina cikin wannan sai ga Mma Azara, tsohuwar da ke sayar da koko a gefen shagona, ta shigo ba ko sallama, ta ce wa ke kiɗa a nan? Na ce inji ne, Mma. Ta kasa kunne, sai na ga ta dafa bango.

Ta ce, "Ɗana, wannan ba inji ba ne. Sunan mutane ya ke kira, uba da ɗa, uba da ɗa. Kashe shi!"

Na fizge waya daga bango. Fanka ta tsaya, gunjin bai tsaya ba. Kai jama'a! Da idona na ga igiyoyin fatar nan suna matsewa suna saki, kamar wani ya saƙale kalangun a hammata yana dannawa. Ni da ita muka tsinci kanmu a bakin titi, ba takalmi.

Da yamma Fuseini ya zo ɗauka, na gaya masa komai, na roƙe shi ya bari in kwashe kayana daga ciki. Ya yi dariya, ya ce ni da tsohuwa rana ce ta buge mu, ya ɗaure abinsa a babur ya tafi. Daga ranar na daina wannan aikin, na koma gyara zalla.

Bayan kamar wata bakwai na je suna a Lamashegu, makaɗa suna zagaya baƙi. Wani ramamme cikinsu ya tsaya a gabana, sai da na dube shi sau biyu na gane Fuseini ne. Kalangun na hammatarsa, ga ramukana huɗu a jikin icen. Na gaishe shi, amma idonsa ma kamar ba ni yake kallo ba. Ya buga, ya buɗe baki ya kira sunan babana, ya kira na kakana, sannan ya kira wani suna da sau ɗaya tak na taɓa ji, daga bakin kakata, ranar da za ta rasu. Duk Tamale ba wanda na taɓa faɗa wa.

Har yau ban san wa ya koya masa kiɗa ba, ban kuma san ina kayan da na zuba a ciki suka tafi ba. Abin da ke cina shi ne mutumin nan ya zo ne don ya tsira da aikinsa, ni kuma da hannuna na taya shi.

Don Allah masu aikin hannu, in aka kawo muku tsohon abu, ku tambayi na wane ne kafin ku huda. In aka ce na gado ne, ku mayar da shi cikin buhunsa.