Kan Injin Jar Mota

Da na dawo daga yaƙin Bama da kanikanci a hannuna, ni da yayana muka kafa rumfa a bayan tashar Potiskum. Manyan motocin gyaɗa muke gyarawa. Yaya ne mai magana da mutane, ni kuwa tawa sifana ce.

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, wata Laraba ana tsakiyar cin kasuwar shanu, sai ga motar gyaɗa ta jawo mana wata 'yar mota ja da igiya. Kujera biyu gare ta, ba rufi, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Wanda ke riƙe da sitiyarin dogo ne, sanye da kaki. Yana ƙoƙarin yin Hausar Kano, amma Ngizimanci na leƙowa ta ƙarƙashin harshensa.

"Ta maigidana ce, Baturen kuza a Jos," in ji shi. "Maiduguri zan kai masa ita, yau da safe ta tsaya mini a hanya. Don Allah ku rufe ta da zana, rana tana ɓata mata fenti."

Muka rufe. Amma kafin la'asar wani Bafulatani mai fataucin shanu ya ɗaga zanar ya leƙa, ya ja Yaya gefe. Ya ce shi dai ya san motar nan, ta fi mako tana bayan wani danga a Ngojin, an lulluɓe ta da kara.

Yaya ya zo ya tsuguna kusa da ni. "Ta sata ce. Mu gaya wa 'yan doka."

Na ce, "Yaya, na riga na kwance mata kan inji. In suka zo suka tarar da motar Bature gunduwa-gunduwa a rumfarmu, wa za su fara ɗaurewa?"

Ya koma ya zauna inda zai riƙa ganin baƙon.

Ban taɓa sa hannu a inji irin wannan ba. Kafireto biyu gare shi, kansa kuma na farin ƙarfe ne mara nauyi irin na jirgin sama. Fulogai duk sun jiƙe da baƙin mai. Da na cire bawul-bawul na gane ciwon. Kowane bawul yana da ɗan bututun da yake hawa da sauka a ciki, to waɗannan bututun sun cinye, har bawul yana girgiza kamar haƙorin tsoho. Ta nan mai ke zurarewa ya ƙone, bawul ɗaya kuma bakinsa ya daina zama daidai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu matatar iska, inji ya yi ta shaƙar yashi.

"Direba, ina matatar?"

"Maigida ne ya cire, wai ta fi gudu haka."

Mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa kuma an sayar da ita a wata tasha.

Shi ma fa bai yarda da mu ba. A kan garwa yake wuni, idonsa a kan yatsuna. Duk noti da na kwance sai ya bi shi da kallo har cikin kwano. In zai je salla, sai ya naɗe kafireto biyun nan a rigarsa ya tafi da su masallaci. Yaya ya ce, "Ka gani ko? Ɓarawo ba ya son a yi masa sata."

Sabon bututu kuwa ko a Kano da wuya a samu. Na je wajen wani maƙerin farfaru da ke yi wa mata mundaye, ya zuba mini sandunan tagulla. Na huda su, na yi ta goga ina gwadawa, wasu suka lalace na sake. Na ɗumama kan injin a garwashi sannu-sannu don kada ya karkace, na fitar da tsofaffin, na buga sababbin. Sannan na zauna niƙa bakin bawul, ina murzawa tsakanin tafuka kamar mai burga miya. In na gama sai in zuba kananzir in jira. Inda ya tsattsafo, in koma niƙa.

Ina cikin wannan ne wata tsohuwa ta shigo da ƙwaryar fura a kai, ƙafafunta furu-furu. Ta nufi baƙon kai tsaye tana masa faɗa da Ngizimanci. Mahaifiyarmu Bangizima ce, saboda haka mun ji komai. Cewa take tun sadakar bakwai ɗin ubansa bai ci abin kirki ba, zai kashe kansa a kan ƙarfe.

Yaya ya gaishe ta da yaren. Baƙon ya sunkuyar da kai.

"Iya, ɗanki ne?"

"Ɗan fari. Ubangidansa ya tafi hutu ƙasarsu, shi ne ya ɗauko motar ya zo don ya tarar da babansa da rai. Ya kuwa tarar da shi."

Bayan ta tafi, mutumin ya ce mana gaskiya ne. Ba a ba shi motar ba, ɗauka ya yi, kuma dole ta koma Jos kafin Baturen ya sauka. Ni zuciyata ta yi sanyi. Yaya kuwa cewa ya yi, "Kowane ɓarawo ma uwa ce ta haife shi."

Ranar da na mayar da kan injin, bugu ɗaya ta tashi. Hayaƙin ya washe, ƙararta ta sa shanu ja da baya a turke. Na ɗaura mata ƙyalle a bakin kafireto a madadin matatar, na ce kada ya matsa mata, tagullar mundaye ba ta Ingila ba ce. Ya sallame mu, ya ɗauki hanyar yamma. Yaya ya bi shi da kallo har ƙurar ta kwanta.

Ba a daɗe ba wani ɗan doka ya zo yana tambayar jar mota. Yaya ya ce mun gyara, ta yi yamma. Muka tambaye shi ko lafiya, ya ce shi ma aiko shi aka yi.

Da kaka na haɗu da tsohuwar a kasuwa tana sayar da daddawa. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi ɗanta da aikin Jos.

"Ai ba ya Jos," in ji ta. "Yana Fort Lami, can gabas, ƙasar da Faransa ke mulki. Ya aiko mini da turmin atamfa."

Na so in tambayi motar, na fasa. Na sayi daddawa na koma rumfa. Da na ba Yaya labari, sai ya ce in miƙo masa sifana, akwai motar gyaɗa tana jira.