Takarda ta Ɗari da Sha Bakwai

Yayata tana da shekara hamsin da ɗaya ta ce za ta koma jami'a ta yi digirin digirgir. A falonta ta faɗa, wata ranar Asabar, tana ninke kayan wanki. Ni da mijinta muka dubi juna. Shi mai gyaran agogo ne, mutum mai sanyin magana, kuma tun ina yarinya muke tsokanar juna da shi. Ya sauke tabarau ya ce mini, "Ƙanwata, kin ji ko? Saura ƙiris ta yi ritaya, yanzu ne za mu je sayen jakar makaranta."

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ai na riga na cike fom."

Haka take tun muna yara. Ita ce babba a cikinmu mu shida, kuma ba ta faɗin abu sai ta gama yanke shawara. Tana da shekara ashirin ta fara koyarwa. A lokacin da nake ba da labari ta yi shekara goma sha huɗu tana shugabar wata firamare da ke bayan tashar mota. Ofishinta ɗan tsukuku ne: tebur ɗaya da aka tokare ƙafarsa da tsohuwar rajista, kabad na ƙarfe da ba ya rufuwa sai an sa gwiwa, da taga mai kallon ƙofar shiga. Malamai suna kiranta Ƙarfe Bakwai a bayan idonta, don kullum a wannan lokacin tana tsaye a bakin ƙofa da littafin sa hannu.

Abin da ya dame ta shi ne sababbin malamai. Duk shekara ana turo mata matasa, kafin su cika shekara uku sun ajiye alli sun kama wata sana'a. Ta ƙirga ashirin da uku. A taron shugabannin makarantu kowa ya ce albashi ne. Yaya ta ce albashin ɗaya ne da na makarantar da ke bayan asibiti, to me ya sa nasu malaman suke zama? Ba wanda ya ba ta amsa. Shi ya sa ta zaɓi fannin shugabancin makarantu, ta ce za ta nemo amsar da kanta.

Shekarar farko ta sha wuya. 'Yan ajinsu sa'o'in 'ya'yanta ne, Mama suke ce mata, suna ba ta kujerar gaba. Da yatsu biyu take buga kwamfuta. Darasin ƙididdiga ya kayar da ita, ta samu talatin da takwas. Da na je yi mata jaje na tarar ta manna takardar sakamakon a jikin firij. Na ce, "Yaya, wannan kuma fa?" Ta ce, "Don in riƙa ganinta duk lokacin da na zo shan ruwa." Daga nan, kullum aka tashi makaranta sai ta kulle ofis ta zauna da littafin har la'asar sakaliya. Da ta sake jarrabawar ta samu sittin da ɗaya.

Wanda aka ba shi duba bincikenta wani Dokta ne matashi. Ranar da ta fara shiga ofishinsa ya miƙe zumbur har kujera ta faɗi. Ashe ta koyar da shi a aji uku. Ta ce masa, "Zauna, ɗana. A ɗakin nan kai ne malam." Ya ɗauki maganar da gaske. Sau biyar ya dawo mata da babi na ɗaya na kundin bincikenta, kowane shafi ya sha jan biro. Mijinta ya ce ramuwa ce yaron yake yi. Ita kuwa ta ce gyaransa daidai ne, ban da wuri biyu, kuma ta koma ta nuna masa wuraren biyun.

A shekara ta uku ta raba takardun tambayoyi ga mutum ɗari biyu da suka taɓa koyarwa suka bari. Ba a rubuta suna. Tambaya ta ƙarshe ita ce: wace rana ce ka yanke shawarar barin aikin? Takardu ɗari da sittin suka dawo, ta sa wa kowace lamba.

Wata yamma ta kira ni a waya ta ce in zo. Na same ta a ofis, makaranta ta watse, sai mai shara a tsakar fili. Ta miƙo mini takarda ta ɗari da sha bakwai ta ce, "Karanta ta ƙarshen."

Rubutun ƙanana ne, a tsare. Mutumin ya ce a watansa na biyar da fara aiki ya rubuta wata kalma ba daidai ba a allo. Shugabar makaranta tana wucewa ta gani ta taga, ta shigo, ta karɓi allin daga hannunsa, ta gyara, ta juya ta ce wa yara su tafa wa malaminsu da bai iya rubutu ba. Yara hamsin suka tafa. Ya ce ya ƙara shekara guda a makarantar, amma tun daga ranar bai sake ɗaukar alli ba sai ya fara duba taga.

Na ce, "Kai, wannan shugaba ba ta kyauta ba."

Yaya ta ce, "Ni ce."

Na ce, "To ki cire ta mana. Takarda ɗaya cikin ɗari da sittin, wa zai sani?"

Ta ce, "Tun azahar nake wannan tunanin. Har na sa ta a kabad na rufe." Ta karɓi takardar daga hannuna. "Shekara uku ina neman abin da ke korar malamai. In na cire wadda ta fi kowace fito da shi fili, me na je yi jami'a?"

Washegari ta kai wa Dokta. Ita ta ba ni labarin yadda suka yi. Ya karanta, ya ajiye takardar. Ta ce masa, "Faɗa mini gaskiya, haka nake?" Ya ce, "Malama, ke kika koya mini karatu, ba zan taɓa mantawa ba. Amma har yau in na ji takun takalmi irin naki a baranda sai na gyara zama." Ta ce ta gode. Suka yarda takardar za ta shiga babi na huɗu, kuma za ta ƙara wani sashe ta bayyana cewa mai binciken da kanta tana cikin shugabannin da ake magana a kansu. Da ta sake bin sauran takardun da wannan idon, ta samu guda sittin da huɗu da suka ambaci wata rana da shugaba ya kunyata su a gaban ɗalibai ko iyaye. Masu maganar albashi kaɗai ba su kai haka ba.

Ta gane mai rubutun, amma ƙa'idar bincike ta hana ta nuna ta gane. Sai da ta tambayi Dokta, ya ce tana iya neman afuwar abin da ita ta tuna ta yi, muddin ba ta ambaci takardar ba. Ta samu tsohon malamin a shagonsa na gyaran waya a bakin kasuwa. Ya ba ta benci, ya saurare ta har ta gama. Ya ce ya yafe, kuma shagon yana rufa masa asiri. Ta tambaye shi ko zai dawo aji. Ya ce a'a, Malama. Ba ta matsa ba.

A makaranta ba ta zama wata sabuwar mutum ba. Har yanzu ƙarfe bakwai tana bakin ƙofa. Amma in ta ga kuskure a allo sai ta wuce, ta rubuta a 'yar takarda, ta ba malamin a ofis bayan ta rufe ƙofa. Ta haɗa kowane sabon malami da tsoho guda, suna zama tare duk ranar Laraba.

Ranar kare kundin ina zaune a kujerun baya tare da mijinta. Wani farfesa mai furfura daga cikin masu jarraba ta ya buɗe babi na huɗu ya ce, "Kin san wannan sashen zai zauna a laburare, kowa zai karanta?" Yaya ta ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Na fi so sababbin shugabanni su fara da shi." Suka fitar da mu, suka yi shawara ta kusan rabin awa, sannan suka kira ta suka ce ta ci, da gyare-gyare kaɗan. Shekara biyar da wata huɗu ke nan daga ranar da ta cike fom.

Labari ya bazu a layinsu cewa ta zama Dokta. Da safe wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta shigo tana ɗingishi, ta zauna ta yaye zane daga gwiwarta da ta kumbura. Yaya ta yi ta bayani cewa nata doktancin na makaranta ne, tsohuwar ta ce ita dai a duba. A ƙarshe Yaya ta sa ta a mota ta kai ta asibiti, ta bi mata layi, sannan ta wuce wurin aiki, inda sababbin malamai uku da aka turo suke jiranta a baranda da takardunsu a hannu.