Akuyar Inna da Turken Dish

A gidanmu na Mandera, idan sanyi ya shigo, ba a neman yaro bayan sallar isha'i. Duk muna ƙofar ɗakin kakarmu, wadda muke kira Inna. Takan hura wuta da karan dawa, ta miƙe ƙafafu, ƙaurin hayaƙi ya haɗu da warin albasar da aka shanya a tsakar gida. Sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wa ad da kunne?" Mu kuma mu amsa, "Mu ad da shi." Daga nan tatsuniya ta kama hanya.

Ina da shekara tara Kawu Bello, ƙanin babanmu da ke aikin asibiti a Bodinga, ya zo da talabijin da risiba da farin dish, ya haɗa su da batirin sola. Ya ce tashoshin kyauta ne, suna nan cikin iska, kamo su kawai ake yi. Katangarmu ta ƙasa ce, ba za ta riƙe dish ba, don haka ya kafa ƙarfe kusa da rumbun Inna ya ɗaura shi. Yini guda ya yi yana fama. Yana da wata takarda mai lambobin mita, waɗanda yake kira firikwansi, yana shigar da su da rimot, babanmu kuma yana waje yana juya dish ɗin kaɗan-kaɗan. Idan koren layin sigina ya hau, Kawu ya ce a tsaya. Ya gargaɗe mu cewa ko faɗin yatsa dish ɗin ya goce, hoto ya tafi.

Mako guda cur babu wanda ya leƙa wutar Inna. Har yau ina jin kunyar wannan. Ina ganinta ta taga tana gyara kara ita kaɗai, amma idona na kan wani wasan kwaikwayo da ake yi kullum bayan isha'i.

Sai hoto ya fara ɗaukewa, kuma daidai lokacin wasan. Kawu yana Bodinga sai ƙarshen mako, babu mai gyarawa, muka koma wurin Inna muna kumbure-kumbure. Ba ta yi mana gori ba. Cewa ta yi, "Ku zamna, ni tashata ba ta ɗaukewa."

A wannan makon ta fara tatsuniyar Ladi, yarinyar da gulbi ya tafi da mahaifiyarta wajen wanki. Wata tsohuwa ta ba Ladi ƙwarya, ta ce muryar uwar tana nan cikin ruwa, amma sai an kifa ƙwaryar a daidai inda uwar ta tsaya ranar, an sa kunne. Ladi ta yi ta kifawa tana ɗagawa, ba ta jin komai sai rurin ruwa. Kullum Inna sai ta ƙaro wani abu. Yau wani kada ya ɓatar da Ladi da gangan, gobe masunci ya nemi ƙwaryar ya ba ta jirgi, ta ƙi. Kawu ya zo ya gyara dish ranar Asabar, ya ɗora laifin a kan iska, ya sake shigar da lambobinsa. Yana tafiya hoto ya sake ɗaukewa, Ladi ta ci gaba da nema.

Ni ce na gano. Wata rana bayan magariba na ga Inna ta kwance babbar akuyarta daga turke ta ɗaure ta a ƙarfen dish, ta zuba harawa can nesa kaɗan da inda igiya ke kaiwa. Akuya ta yi ta fizga, ƙarfe yana girgiza. Da ta ga na gan ta, ko a jikinta.

"Mi kike kallo, kishiya? Turke na mai kyau, Bello yak kafa min shi."

Daren nan Ladi ta kifa ƙwarya a gindin wata giginya, ta ji an kira sunanta sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa. Nan Inna ta tsaya. Amma ni wasan kwaikwayona nake so, kuma bakina bai taɓa riƙe magana ba. Ranar Asabar na kwashe duka na faɗa wa Kawu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sayo siminti, ya mayar da dish can bayan ɗakinsa. Hoto bai ƙara ɗaukewa ba sai in hadari ya haɗu.

Bayan kwana uku na je wurinta ni kaɗai, na ce ta ƙarasa mini tatsuniyar Ladi. Ba ta tayar da maganar akuya ba.

"Ba a ba mutum guda tatsuniya, ɗiyata. Tahi ki kirawo 'yan'uwanki, ina nan."

Na tafi kiransu. Na tarar an kai wuri mai daɗi a wasan, na ce bari in tsaya kaɗan. Da na fito wutar ta mutu, ta ja ƙyaurenta. Sanyi ya wuce, aka daina hura wuta, muna ta cewa sai baɗi. Da damina Inna ta rasu.

Da na girma na zama malamar makaranta a Bodinga, na yi ta tambayar tsofaffi ƙarshen tatsuniyar Ladi. Na tambaya a Mandera, na tambayi dangin mijina a Sifawa. Babu wadda ta taɓa jin ta. Sai wata ƙawar Inna ta ce mini, "Wagga ba ta gado ba ta. Ita ka shirya ta da rana tana sussuka, don ku dawo." Ranar na yi kukan da ban yi ba a zaman makokinta.

Yanzu ni ke saita risibar gidana. Na iya shigar da lambobi, na san yadda ake lallaɓa dish har koren layi ya cika. Duk sanda nake yi sai in tuna Ladi da ƙwaryarta, in tuna muryar da ke kusa da ni, babu waya babu batir, na juya mata baya.

Sanyin bana na kashe talabijin, na tara 'ya'yana uku a gaban kaskon wuta, na ba su labarin har gindin giginya. Ƙaramar ta ce, "Mama, sai mi yaf faru?" Iyakar abin da aka bar mini ke nan. Sai na ga duk sun zuba mini ido, babu mai waiwayar rimot. Na gyara garwashi, na ce, "Sai Ladi ta amsa."