Tulun Da Aka Ba Ni Ajiya

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, wallahi a gidana ya faru, nan Mandawari, farkon wata damina.

Ranar ina tsintar shinkafa a tsakar gida da azahar, sai wata tsohuwa ta yi sallama, doguwa, ƙafafunta duk jar laka alhali ba a yi ruwa ba. Ta sauke wani tulu da aka liƙe bakinsa da yumɓu, ta ce, "Baiwar Allah, ki riƙe min amana, zan dawo." Na ce me ke ciki? Ta ce, "Ba na buɗewa ba ne." Mu kuwa yadda muka taso, ba a ƙin karɓar ajiya, ba a leƙa ta. Na kai shi bayan randa.

Bayan kwana goma sauro ya cika mana gida, ba irin wanda muka saba ba. Baƙi ne wuluk, ƙafarsa da zanen fari, kuma da rana tsaka yake cizo. Jikata Nafisa, marainiya ce, ni nake riƙonta, tana tsokanata wai, "Iya, jininki ya tsufa, ni suke so."

A lokacin akwai wata malama daga jami'a tana bin gidaje da 'yan kwalabe tana kama sauro. Wai a jikinsa suke gane danginsa, kamar yadda ake gane ɗan gida da kamanni. Ta kwashi namu ta tafi.

Ba ta dawo ba sai satin da Nafisa ta kwanta, jiki kamar garwashi, ido ya fara rawaya. Malamar ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Iya, sauron gidanki ba shi da ɗan'uwa a duk birnin nan. Danginsa suna can kurmi, tafiyar kwana biyu a mota, shi kuwa ko Ƙofar Wambai ba zai iya kaiwa da fiffikensa ba. Kawo shi aka yi. Wa ya kawo miki tukunya ko tsohuwar taya?"

Na ce babu. Allah ya yafe min, amana nake karewa.

Ta dubi ɗakin da yarinyar ke nishi, ta ce, "Ƙwansa yana manne a jikin tukunya wata da watanni. In ba mu samo shi ba, ba ita kaɗai za ta kwanta ba."

Na ɗauko taɓarya, na nufi bayan randa, na yi bisimilla na maka wa tulun. Jama'a, liƙinsa bai taɓa tsagewa ba, amma ruwa ne ya malalo, sanyi ƙalau, yana warin ganyen daji, 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil a ciki. Malamar ta yi salati, ta ce abu a rufe haka ta ina suka fita? Ta sheƙa musu tafasasshen ruwa, ta sa aka ɗauki Nafisa zuwa asibiti.

Ina share ɓaraguzan na ji sallama a zaure. Muryar nan ce. "Baiwar Allah, kin fasa." Na fita ba kowa, sai sawun jar laka, ya shigo bai fita ba.

Nafisa ta tashi bayan doguwar jinya, ita ce ma take rubuta muku wannan, don ni ban san baƙi ba. Malamar ta bar aikin unguwarmu, amma da wata daminar ta aiko min cewa ta sake ganin dangin sauron nan a gida ɗaya tal a Dukawuya, kuma matar gidan ta rantse ba wanda ya kawo mata komai. Ni kuwa har yau ba na tsintar shinkafa da azahar.

Ku rufe randunanku. Wanda ya kawo muku abu a liƙe, ku ce ya buɗe a gabanku, in ya ƙi ya tafi da kayansa.